Ku Ba Ni Lambar da Ta Kira Ƙofa Ranar Alhamis

Zuwa ga Manajan Darakta na masana'antar jimar fata da nake wa gadi a Challawa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali, Allah ya sa kuna lafiya.

Ni ne Sule, wanda ma'aikata ke kira Baba Ƙofa. Shekara talatin da shida ke nan ina buɗe muku ƙofa da safe, tun zamanin mahaifinku, Allah ya jiƙansa. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Habu, tsohon malamin firamare a nan Panshekara, shi ke rubutawa ina faɗa, kuma na sa ya karanta mini, duk inda ya sassauta magana na ce ya mayar da ita yadda na faɗa. Sau biyu na aiko da takarda ta hannun sakatarenku, shiru kake ji. Shi ya sa na fito da wannan fili.

Na ɗaya, abin da aka yi mini. Mako uku da suka wuce, ranar Litinin, jami'in kula da ma'aikata ya kira ni ofis. Na tarar da shi da injiniyan da ya sauya mana wayoyi bara. Injiniyan ya yi mini bayani, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, cikin ladabi ya yi. Ya ce wayar ɗakin gadi yanzu ta intanet take bi, kuma kowane kira, kafin murya ta iso, yakan turo lambar mai kira a gaba. Shi kuma ya ajiye kwamfuta a kan hanyar kiran tana kwafe waɗannan lambobi da ranar da lokacin. Sai jami'in ya ɗora takarda a tebur, ya ce lambar Lawali ta kira ƙofa sau tara cikin wata ɗaya da rabi. Kun san Lawali. Shi ne mai kula da gangar jima da kuka sallama bara, bayan ya shige gaban 'yan uwansa suna neman safar hannu da takalmin roba. Aka ce ina kai masa labarin cikin gida. Aka dakatar da ni, aka liƙa sanarwa da sunana a jikin ƙofar da na fi kowa sanin kukanta.

Na faɗa musu Lawali ya rasu wata uku da suka wuce, da hannuna na zuba masa ƙasa. Suka ce to mutanensa ne ke riƙe da wayar, in faɗi sunan mai kiran. Na ƙi. Taurin kai na yi, na sani, kuma da za a maimaita zaman haka zan sake yi. Mai kiran matarsa ce, tana cikin takaba a Zawaciki. Ba a jefa sunan mai takaba a tsakanin maza a ofis ba da izininta ba. Yanzu ta aiko wanta ya ce ta yarda in faɗi maganar, sunan dai ban da shi.

Na biyu, abin da takardarku ba ta nuna ba. Ni ma aikina ke nan, duba lamba. Mota in ta tsaya ina duban lambarta, amma ban taɓa ɗaga mata ƙarfe ba sai na leƙa na ga wanda ke tuƙi, domin mota takan sauya direba lambar tana nan. Kwamfutarku ta ga lamba, ba ta leƙa ba. Ba laifinta ba ne. Laifin na wanda ya karanta takardar ne ya ɗauka ya ga fuska.

Ga abin da baiwar Allah nan ke nema. Lawali ba ɗan nan ba ne. A saman motar ƙiraga, wato fatun shanu, ya zo mana daga can bayan Damagaram, shekarar da ruwa ya rushe katangar yamma, yana saurayi. Sun saɓa da wansa a kan gona, ya rantse ba zai koma ba, kuma bai koma ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu, bai taɓa kai su garinsu ba, bai ma cika son a yi zancen ba. Da ya rasu sai matar ta ga ba ta san wa za ta aika wa ba. Ta sa aka tambaya a ofishinku, aka ce fayil ɗinsa Panshekara kawai ya nuna. Sai ta tuna Lawali yakan ce in abu ya ɓace a masana'anta a tambayi Baba Ƙofa. Ni ban taɓa riƙe wayar hannu ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Lambar ƙofa ta samu a wayar mijinta, ita ta kira.

Tuwon tunani ba a tuƙa shi rana ɗaya, shi ya sa kiran ya kai tara. Yau in tuna wansa Isa ne sunansa. Bayan kwana biyu in tuna ya taɓa ce mini kasuwar yankinsu Alhamis take ci. Sunan ƙauyen sai da na yi mako yana yi mini yawo a baki, ranar da ya faɗo ina cikin alwala. Duk abin da na tuna in faɗa mata, in kuma faɗa wa direbobin da ke kawo mana fatu daga can, in ba su lambar ƙofa, don bai kamata baƙin maza su riƙa kiran mai takaba ba. Wannan shi ne asirin da na fitar muku: sunan ƙauye ɗaya da sunan mutum ɗaya, waɗanda ba su taɓa shiga fayil ɗinku ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni zama. Juma'ar da ta wuce Malam Tanko direba ya same ni bayan masallaci. Ya gano ƙauyen. Isa na nan. Mahaifiyarsu ma tana raye, idonta ya tafi, amma duk motar da ta ji ta tsaya sai ta sa a tambaya ko daga Kano take. Tanko bai faɗa musu rasuwar ba, ya ce ba bakinsa ya kamata ta fito ba, tunda bai ga gawa ba, kuma na ba shi gaskiya. Cewa kawai ya yi akwai labarin Lawali, a kira wannan lamba a nemi Baba Sule. Isa ba shi da waya. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya taka zuwa kasuwa, ya ari wayar wani mai sayar da hatsi, ya kira sau biyu tsakanin azahar da la'asar, Tanko na can gefe ana yi masa lodi. Wanda kuka sa a gurbina, da ya ji an ambaci Lawali, sai ya ce ba a son sunan nan a nan, ya ajiye waya. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ce ya faɗa ya faɗa. Amma ku duba yadda maganar ta sauka a kunnen Isa. Ya ce wa Tanko ashe har yanzu ƙaninsa bai huce ba, ya sa shi kira ne don ya wulaƙanta shi. Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Tanko bai karɓi lambar mai hatsin ba, kuma ubangidansa ya mayar da shi hanyar Legas, ba ranar komawarsa can.

Ranku ya daɗe, yanzu haka akwai tsohuwa da ke jiran ɗan da ke kwance a maƙabarta, akwai mutum da ke fushi da mamaci, akwai yara huɗu da ba su san suna da kaka ba. Lambar da za ta haɗa su wuri ɗaya take a duniya: cikin kwamfutar da aka kore ni da ita.

Don haka ga roƙona. Ku sa injiniya ya buɗe takardar ranar Alhamis ɗin nan, ya duba kira biyu da suka shigo ƙofa daga ƙetaren iyaka tsakanin azahar da la'asar, ya rubuta lambar ya ba Malam Habu. Aikin da ba zai kai shan kofin shayi ba ne. Sannan a cire sanarwar nan daga ƙofa, domin jikokina ta nan suke wucewa kuma su suna karatu. Ku kuma tara ma'aikata ku faɗa musu a fili cewa ana ajiye lambar duk wanda ya kira su, kada mutum ya ji sai ranar da aka ɗora masa takarda a tebur. Maganar komawata aiki kuwa na bar muku da Allah. Ƙofa taku ce, ba zan durƙusa a kanta ba.

Amma lambar nan ba zan bari ba. Mai hatsi ranar kasuwa kaɗai ake samunsa tare da mutanen ƙauyen, kuma ni nake so in faɗa wa Isa da bakina, ni da na ga zuwan ƙaninsa na kuma ga tafiyarsa, cewa ba Lawali ne ya ajiye masa waya ba. Kasuwar Alhamis take ci. Yau Litinin.

Allah ya ƙara wa masana'anta albarka, ya tsare ku daga yanke hukunci a kan abin da ba ku gani ba, ya sa in taku ta zo a samu mai kai labarinku gida.

Wassalam.

Sule, Baba Ƙofa,
Panshekara.