Makonnin Da Na Naɗe Hannuwana

Ƙofar 'Yandaka, Katsina,
20 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga maigidana, Baban Amiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya kamar yadda muke. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya da zuba? Amiru yana gaishe ka, ya ce in tuna maka alkawarin keke. Ƙafar Hajiyarka ta yi sauƙi, har ta koma yawon barka da likita ya hana ta.

Ka ce labarin bincikena yana cinye maka katin waya. To, ga shi na koma takarda, in ɗauki hotonta in turo maka. Ka karanta sa'ad da ka ga dama, amma fa ka karanta, don akwai jarrabawa.

Abin da nake son tabbatarwa a kundin digirina na biyu ba shi da wuyar faɗi. Yaro kurma zai iya zama aji ɗaya da yaran unguwarsu, muddin akwai mai juya masa maganar malami zuwa maganar hannu. Yarinyar da nake aiki da ita sunanta Iklima, ɗiyar Malam Mamman mai hatsi a Babbar Kasuwa. Shekararta takwas, sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Na sha zarya rumfarsa kafin ya yarda a sa ta firamaren nan ta bayan gidanmu, don shi a ganinsa kai ta cikin yara kai ta wurin tsokana ne.

Kullum nakan ajiye 'yar kujerata a gefen allo ina fuskantarta. Malamin ajin, Malam Sada, da farko ya yi ta ƙorafi wai an kawo masa mai rawa cikin aji. Yanzu shi ne ke tare ni a bakin ƙofa yana tambayar yadda ake cewa madalla da hannu. Yaran ma sun ɗauka, sai dai zagi suka fara iyawa, ka san hali.

Ita kuwa Iklima, ashe surutu ne fal cikinta, baki ne kawai ba ya taya ta. Wanda ya saci alli, wadda ta zo ba wanka, duk sai na ji. Har ta raɗa mini suna da hannu: sai ta sa yatsa a karan hanci ta tura sama, wai yadda nake gyara tabarau. Kada ka soma, na san ka. Shekaranjiya ta ɗaga hannu da kanta, ta fita ta yi lissafin ɗebewa a allo, ajin ya ɗauki tafi. Ba ta ji tafin ba, amma ta ga hannuwan. Sai da na fake da goge tabarau.

Ka gaishe da abokan aikinka. Ka rage shan shayin nan mai kauri.

Taka har kullum,
Fadila.

17 ga Nuwamba, 2024.

Baban Amiru,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fata zazzaɓin ya sake ka, kuma ka shanye maganin ba ka tsaya a rabi ba kamar yadda ka saba. Mu duk lafiya lau, sai dai raina ba daɗi, shi ya sa ka ji ni sama-sama a waya.

Na kai wa Farfesan da ke duba aikina sakamakon da na tara, ina tafe ina jin kaina. Ya duba, ya ce ci gaban yarinyar a fili yake, amma ba hujja ba ce. Duk mai son musu zai iya cewa ko ba ni ma da ta ci gaba. Wai ƙa'idar irin wannan bincike ita ce a janye taimakon na 'yan makonni, a rubuta abin da ya faru, sannan a maido shi. In maki ya faɗi da aka janye, ya tashi da aka maido, to bakin kowa ya mutu. Na yi gardama iyakar yadda ɗaliba ke iya yi da Farfesa. Ya ce haka ake yi ko'ina a duniya, kuma wannan hujjar ce za ta buɗe wa ɗaruruwan kurame ƙofar aji. Na yarda. Ba zan ɓoye maka ba, har da son in gama bana a cikin yardar tawa.

Na gaya wa Iklima hannuwana za su ɗan huta. Sai ta kama su tana juyawa tana neman ciwo. Da ba ta gani ba, ta hura musu iska ta sake ni.

Yanzu a bencin ƙarshe nake zama, takarda a cinya. Malam Sada ya yi magana, yara su kwashe da dariya, sai ta waiwayo ta buɗe mini tafin hannu, wato me aka ce? Ni kuwa in sunkuyar da kai in ja layi a takarda. Aikina ke nan, in ƙirga sau nawa ta rasa gane abin da ake ciki. Da fari ta ɗauka wasa ne, har tana yi mini gwalo. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ta fara biko. Ran nan alawar madara na tarar a kan jakata, an naɗe ta a takardar da aka yago daga littafin lissafi. Tana zaton laifi ta yi mini. Wallahi na kasa ci, na kasa yarwa.

Malam Sada yana ƙoƙari da 'yan alamun da ya iya, amma yara sun fi saba'in a gabansa. Tun ranar Alhamis Iklima ta daina waiwayowa. Tana zaune ƙyam tana kallon allo, wani lokaci ta kifa kai a benci. Makinta yana ta sauka daidai yadda Farfesa ya ce zai sauka, ni kuma ban taɓa ƙin ganin abu ya yi daidai ba kamar wannan.

Na san abin da za ka ce. Ka yi haƙuri, saura kaɗan, in na koma kujerata zan wanke laifina. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Fadila.

1 ga Disamba, 2024.

Baban Amiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Hajiya da Amiru suna nan ƙalau. Ka yi ta kira ban ɗauka ba, ka yafe mini. In na buɗe baki kuka ne zai riga magana.

Ka ce in daina, na ce saura kaɗan. To, kaɗan ɗin ne ya ci ni.

Ranar Litinin ana gab da tashi Malam Sada ya sanar cewa washegari kowa ya zo da tsintsiya, za a yi sharar makaranta, wanda ya zo hannu rabbana ya kuka da kansa. Ina zaune na ji da kunnena. Na ga Iklima tana haɗa littattafanta ba ta san an yi ba. Hannuna har ya ɗaga, sai na tuna ƙa'ida, na maido shi na ja layi. Na ce a raina ai wata cikin yaran za ta gaya mata. Babu wadda ta tuna.

Da safe malamin da ke tsaron ƙofa baƙo ne, bai san ta ba. Ya tsayar da marasa tsintsiya, ita kuwa ta wuce abinta. Ya ƙwala mata kira, bai ga ta juyo ba, ya ɗauka raini ne. Ta baya ya same ta da bulala. Ka duba fa, ba ta ji tahowarsa ba, ba ta san dalili ba, saukar duka kawai ta ji. Ko da na iso an gama, malamin yana ta rantsuwa bai sani ba, ita kuma ta gudu gida, takalminta ɗaya a bakin ƙofa. Ni na tsince shi.

Na je wurin Farfesa na faɗa masa abin da ya faru. Ba mugun mutum ba ne, ya yi salati, ya ce za a rubuta wa hedimasta. Sannan ya ja takardun ya duba, ya ce rabon da ya ga sakamako mai tsabta haka an daɗe. Da na ce da wuya yarinyar ta dawo, sai ya ce to a nemi wata a sake daga farko.

Malam Mamman bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Na same shi a rumfa yana awo, ya shimfiɗa mini buhu, muka gaisa har da tambayar Hajiya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Sai ya tambaye ni ko da gaske ina cikin ajin sa'ad da aka yi sanarwar. Na ce ina ciki. Ya ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ci gaba da awonsa. Ranar Asabar mai zuwa zai kai ta Batagarawa wurin kakarta, karatu kuma ya ce an gode.

Na roƙi ya bar ni in gan ta, ya bari. Jiya bayan azahar na je gidan, na kai takalmin. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin uwarta, shatin bulala har wuya. Na durƙusa a gabanta, na ɗaga hannuwan nan da na naɗe mata makonni, na fara cewa ta yi haƙuri. Ta kalle su, ta kalle ni. Sai ta rufe ido.

Ta runtse su gam, Baban Amiru. Uwar ta taɓa kafaɗarta, ta lallashe ta, ta yi mata faɗa, ko motsi. Mai ji ko ya toshe kunne wani abu zai shiga. Ita in ta rufe ido babu sauran ƙofa, kuma ta sani. Duk da haka ban sauke hannu ba. Na gaya mata ba ta yi mini laifin komai ba, na gaya mata alawarta ta iso, na gaya mata abin da aka sanar ranar Litinin. Na yi ta zuba har aka kira la'asar, ita ba ta gani, uwarta ba ta ganewa.

In da hali ka nemi hutu ka zo. Ka gaishe da duk mai tambayata.

Taka,
Fadila.