Idon da ke zura min zare

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau muke, Inna ce dai ke fama da gwiwa, amma bakin nan garau yake, faɗa ba fashi.

Maganar 'yata Auta ce ta sa na ture keken ɗinki na ɗauki biro. Kin san tun tana ƙarama take fama da ciwon suga, kuma ita ke zura min zare tunda idona ya fara gajiya. Shi ya sa da likita ya ce a kai ta gwajin ido, har dariya na yi, na ce yarinyar da ke ganin kafar allura? Ya ce ba ganinta za a auna ba, ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido za a duba, irinsu kuma suna cikin ƙoda. A hankali suke lalacewa, yaro na ta karatunsa bai ji komai ba. Ya ce daɗewar ciwon na jawo haka, da sugan da ke zama sama wata da watanni, da hawan jini, sannan lokacin balaga ya fi hatsari, balle in akwai ciwon ƙoda a dangi. Yana faɗin ƙoda Baba ya faɗo min a rai, shi da ciwon ƙodarsa.

Muka je, aka ɗiga mata magani, aka haska. Yaya, an ga ɗigo-ɗigon jini a idon hagu. Sun ce an kama da wuri, in aka saita sugan za a iya taka masa birki. Na gode Allah, amma tsoron bai sake ni ba.

Yanzu Dogonki nake ji. Ya riga Auta kamuwa da sugan, ga murya ta fara buɗewa, kuma ran nan a waya kika ce min ba ya buƙatar gwaji tunda ƙwallo yake bugawa har magariba. Don Allah ki kai shi a duba ido da fitsari da hawan jini. Washegarin gwajin nan Auta ta zauna gefen keke, ta zura zaren tashi ɗaya, ta miƙo min tana murmushi ta ce, "Mama, kin gani? Idona lafiya lau." Da wannan idon mai ɗigon jinin ta zura shi, Yaya.

Ki gaida maigidan, da Goggo, da 'yan biyu. Dogo kuwa ki ja min kunnensa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɗinki