Saƙon da Na Ɗauko daga Florida

Daren Lahadi, Oktoba 2007

Da zan taso daga Florida, Kevin abokin aikina ya roƙe ni in karɓo masa saƙo a cikin akwati. A gida wa ke tambayar abin da ke cikin saƙo? Amana ce, ka ɗauka ka kai. Har sallah na yi kusa da akwatin a hanya.

Sai da na iso na ji motsi, na ɗaga murfi. Mesa! Innalillahi.

Na kira Alhaji Issoufou, tunda ya daɗe a ƙasar nan. Ya ce, "Kai yaro, wasu macizan sai da takardar izini ake ƙetare jiha da su. Ina takardar?" Babu. Na kira Kevin, ya ce mesar ruwa-biyu ce, dokar ba ta shafe ta ba, kada in damu, ya kashe wayarsa. Ni da nake jiran girin kad, takardar zama a Amurka, lauya ya ce ko tikitin tarar gudu da mota kada in samu!

'Yata Hadiza ta ga akwatin tana tsalle, wai tsarabarta ce. Na kai shi gareji, na danne murfin da tsohuwar taya. Yanzu na leƙa, na tarar da tayar a ƙasa, murfin a buɗe.