Gizo-gizo a Kwalin Ashana

Redruth, 9 ga Satumba

Yaya Denzil,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kunnen nan naka da ya hana ka ɗaukar waya.

Ka buɗe kwalin ashanar da ke cikin ambulan a hankali. Gizo-gizo ne, ko in ce abin da ya rage bayan Jory ya bi ta kansa da takalmi. Na haɗa da hotonsa a kwalba tun yana da rai. Shekara talatin kana rarrafe a gindin shingen mutane da gilashinka na duba ƙwari muna yi maka dariya, to yau ranarka ta zo.

Ƙwaurin mijin nawa ya kumbura kwana biyar ke nan, ya yi jajir, yana ruwa. Ya rantse cizon gizo-gizon nan ne da ake kira bazawarar bogi, wadda jaridu suka ishe mu da hotonta, wai kuma daga tarin itacen maƙwabcinmu Baba Pascoe take fitowa. Ya ƙi asibiti. Yawo yake da guduma a cikin gida, har ya fasa tagar kicin garin kashe ɗaya. Jiya ya leƙa ta kan shinge ya ce, "Kai tsohon banza, ka kwashe ruɓaɓɓen itacen nan ko in kwashe maka shi da wuta." Tsohon ya ce, "Ɗana, itacen nan ya riga ka zuwa unguwar nan, bai taɓa cizon kowa ba."

Ka gaya mini ko wane iri ne. Idan ba ita ba ce, wataƙila ya sauko.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Tamsin

Exeter, 12 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Tamsin,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma duba shi da kyau.

Ba ita ba ce, ba ma mace ba ce. Namijin babban gizo-gizon gida ne: dogayen ƙafafu masu gashi, jiki ruwan ƙasa, da 'yan hannuwa biyu a gaban baki masu dunƙulallen kai, kamar ya ɗaure zai shiga dambe. Duk Satumba mazan ke fitowa tsakar ɗaki neman mata, ba ruwansu da mutum. Ita bazawarar bogi cikinta a mulmule yake, duhu, yana sheƙi kamar an shafa mai, da zane fari-fari a baya. Lungun taga take zama a cikin hargitsattsiyar yana. Ko ta ciji mutum, yawanci bai wuce harbin rina ba. Wadda kuma za ku gani a shingen Pascoe, mai farin gicciye a baya da yana kamar ƙafar keke, ƙudaje take ci. Ciwon da ya kwana biyar yana ruwa na likita ne. Jory ya daina shirme.

Na ɗora gilashin a kan hoton ma. Duba tabo a bayan ƙananan halittu shi ne abin da na iya a duniya. A wuyan hannunki da ke riƙe da kwalbar akwai tabo huɗu a jere, ga gefen na biyar ya leƙo ta ƙasa. Ban san gizo-gizon da ke barin irin wannan ba. Tun yaushe?

Allah ya kiyaye ki.
Yayanki, Denzil

Redruth, 18 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ka. Daga yau ka riƙa aiko da wasiƙa gidan burodin da nake aiki.

Jory ya riga ni ɗaukar taka ranar Asabar. Ya karanta ta a tsaye a kicin yana kwaikwayon muryarka. Da ya zo kan "tun yaushe" sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Wato ƙarata kika kai wa kurman yayanki." Ya damƙi gashina ya buga fuskata a bakin tebur. Haƙorina na gaba ya tafi.

Lahadi da hantsi, unguwa duk an tafi coci, ya ɗauki galan ɗin fetur na injin yankan ciyawa, ya tsallake shinge yana ɗingishi, ya kwarara wa itacen ya ƙyasta ashana. Baba Pascoe ya fito da silifas da bokitin ruwa. Shekararsa saba'in da takwas. Ya ce, "Jory, kajina suna bayan nan." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Jory ya zari shebur ya maka masa a muƙamuƙi. Daga bakin ƙofarmu na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, Jory bai tsaya ba, ya koma kan haƙarƙari. Da ya gaji ya jefa shebur ɗin cikin wuta, ya dawo ya wanke hannu, ya ce in ɗora ruwan shayi. Na ɗora.

'Yan kwana-kwana ne suka tsinci tsohon. Jory ya ce wa 'yan sanda tsohon ne ya tayar da wutarsa da kansa, ya zame a matakalar dutse. Suka juyo gare ni, ina rufe baki da gyale. Na ce ina wanka, ban ga komai ba.

Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Kajinsa shida sun ƙone, har yanzu ƙaurin yana cikin labulena. 'Yan sandan sun ce za su dawo Alhamis mai zuwa, don likita ya ce matakala ba ta karya haƙarƙari ta gefe biyu.

Masu motar asibiti sun ga ƙafar Jory, sun matsa masa ya je a duba ta. Guntun waya mai tsatsa aka ciro.

Sai na ji daga gare ka.
Tamsin

Exeter, 21 ga Satumba

Tamsin ƙanwata,

Sannu, sannu. Na rubuta tambayar nan ina jin kaina mai ido, ban tsaya na yi tunanin wa zai buɗe ambulan ba. Haƙorinki yana wuyana.

Shekarata sittin da biyu ban taɓa taka ko ƙwaro da gangan ba. Jiya na sa ƙarfen cire taya a kujerar gaba, na kamo hanyar gidanku, na kai har Bodmin kafin na juyo.

Ranar Laraba zan tsaya da mota a gaban gidan burodin lokacin tashinku. Kada ki ɗauko kaya, ɗakin baya yana nan a share. Ba zan gaya miki abin da za ki faɗa wa 'yan sanda ba. Amma mutum uku ne a wurin da abin ya faru: ɗaya ba ya iya magana, ɗaya ƙarya yake yi.

Allah ya tsare.
Denzil

Redruth, 27 ga Satumba

Yaya Denzil,

Ina gaisuwa, kuma ka yafe mini. Na ga motarka ta taga ranar Laraba, na ga ka yi awa biyu. Na san in na shiga motar, har Exeter ba zan sake buɗe baki ba. Sai na fita ta ƙofar baya, na taka da ƙafa zuwa ofishin 'yan sanda.

'Yan sanda uku suka je ɗaukar Jory, ya fasa wa ɗaya hanci. Yana tsare, an hana beli. Baba Pascoe ya buɗe ido jiya. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, amma ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

'Yar sandar da ta karɓi bayanina ta tambaye ni sau nawa ya sauke shebur ɗin. Na ce tara, ina tsaye ina ƙirgawa. Ta rubuta, sannan ta dubi bakina ta ce, "Ke fa, akwai abin da kike so in rubuta?" Na ce ta ƙaro takarda, shekara goma sha ɗaya ce.

Ka zo Lahadi, ka taho da sabon kwaɗo na ƙofar gaba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Tamsin