A Dawo Mini da Kwalin Takarduna Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Cibiyar Binciken Tsirrai, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Umaru, mutumin Gulma, ma'aikacinka a ɗakin da muke adana busassun tsirrai. Sau biyu na rubuto maka ta hannun akawu ban ji amsa ba, shi ya sa na fito fili. Ka gafarce ni.

Na ɗaya. Shekara goma sha huɗu ke nan ina wannan aiki. Ni ke shiga fadama in ciro tsiro da saiwarsa, in shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, in matse da katako, in riƙa sauya jaridun kullum don kada ya yi fumfuna. In ya bushe in manna shi a farar takarda, in sa a kabad da kafur saboda ƙwari. A gindin kowace takarda akwai 'yar takardar bayani da na rubuta da hannuna: sunan tsiron a bakin manoma, ƙauyen, mai gonar, da zurfin ruwan da na same shi a ciki. Ba ni da ma'auni, da jikina nake awo: gwiwa, ƙugu, ƙirji, wuya. A ƙarshe in sa sunana.

Na biyu. Bara aka kawo mana Malam Bello daga jami'a, aka ɗora shi a kaina. An ba shi babur, an ba shi farar riga, an ba shi tafireta, yanzu kuma na ji shi za a tura kwas ƙasar waje a kan shinkafar fadama. Ba zan ɓoye maka ba, ina kishi. Kishi nake har abinci ba ya mini daɗi. In na ji ƙarar babur ɗinsa da safe ina jingine kekena a gindin dalbejiya, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ido. Na yi istigfari, na yi wa kaina faɗa, abin bai tafi ba. Mutumin da tun zuwansa bai taɓa jiƙa ƙafar wandonsa a fadama ba, shi ne yau masanin shinkafa, ni kuma mai kaɗe ƙura.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Da izininka Malam Bello ya ɓamɓare 'yan takarduna, ya buga sababbi da tafireta, wai rubutun hannu da awon gwiwa da ƙugu ba ilimi ba ne. Ban musa ba, nasa sun fi kyan gani, har da sunan Latin. Amma inda na rubuta ƙauye da mai gona, shi kalma ɗaya ya buga: Argungu. Daga Gulma har Augie duk Argungu. A gurbin wanda ya ciro tsiron kuwa sunansa ya sa, wai shi ne jami'in da ke kula da ɗakin. Ban ce ɓarawo ba ne. Na dai ce ranar da na ciro wasu daga cikin tsirran nan yana makarantar sakandare. Tsofaffin takardun suna cikin kwali a ofishinsa, an kuma shaida mini za a ƙone su in an zo gyaran ofis.

Na huɗu. Ranar kasuwar da ta wuce Malam Hassan, manomi daga garinmu, ya zo har ofis tare da ƙanensa. Akwai wata jar shinkafa tasu mai bin ruwa, wadda ke ƙara tsawo duk yadda ambaliya ta hau. Farin shekarun nan ya cinye musu irin, wanda aka raba musu kuma nutsewa yake da zarar ruwa ya kai ƙirji. Ya ce mini: “Umaru, irin ga da kaz zo kaɗ ɗiba gonar babanmu ya ƙare muna. Ka ce ka ishe shi wani wuri. Ina na?”

Ranka ya daɗe, nan take na shiga lalube a ƙwaƙwalwata. Wuri uku na samu shinkafar nan. Biyu na tuna, kuma duka biyun irin ya ƙare. Na ukun wata tsohuwa ce a wani ƙauye bayan Augie, da ke ajiye nata a tulu. Sunan ƙauyen ya ɓace mini, don ban taɓa tilasta wa kaina haddace abin da na riga na rubuta ba. Na buɗe kabad da sauri na zaro takardar. Ga shinkafar nan da zangarniyarta kamar jiya na manna ta, ƙasanta an buga: Argungu. Na roƙi Malam Bello ya bar ni in duba kwalin, ya ce sai da takardar izini daga wurinka. Malam Hassan ya koma gida hannu wofi, ga shi wannan shinkafa da ruwan farko ake watsa ta.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A hana ƙone kwalin, a ba ni shi cikin makon nan. Sannan a mayar da kowace 'yar takarda gefen sabuwar, da sunan ƙauye, da na mai gona, da nawa. Babur da kwas na bar masa, ko da yake ban yi alkawarin daina jin zafi ba.

In kuwa roƙona bai karɓu ba, to takardarku ta ce Malam Bello ne ya ciro shinkafar. Sai a tura shi ya kai Malam Hassan wurin. A dai gaya masa ya tuɓe farar rigar, don inda take fitowa ruwa iya wuya ne, kuma akwai matsattsaku.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ni kuma ya yaye mini abin da ke zuciyata.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Umaru Gulma