Baffa Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau

Ƙofar Ran, Bauchi.

Ƙanena Mahfuz,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Ni'ima da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, kuma Baffa yana jiyo ni daga zaure. Takardun inshorar lafiyar da ka zaɓar masa sun iso. Na kai wa Liatu maƙwabciyarmu ta karanta min Turancin. Ta ce akwai hatsari, akwai kwanciyar gaggawa, har da wankin haƙori, amma babu maganin wata-wata, babu awon jini.

Mahfuz, haƙoran da suka rage wa Baffa ba su kai a ɗaukar musu likita ba. Ƙafafunsa ne suka kumbura, takalmin Juma'a ba ya shiga. In ya taso daga masallaci sai ya zauna a dakalin mutane yana haki, wai gaisawa ya tsaya yi. Wannan tsarin na tsoho mai lafiya ne. Namu ba shi da ita.

Ka huta lafiya.
Addarka, Juwairiyya.

*

Abuja.

Adda,

Wa alaikumus salam. Amin, Allah ya kai haske kabarinta.

Ba da ka na zaɓa ba. Tsari biyu kamfanin ke da shi na tsofaffi: wannan, da wanda ya haɗa komai, wato ganin likita, gwaje-gwaje da magani kowane wata. Ma'aikaciyarsu ta kira Baffa ina kan layi. Hawan jini? Ya ce alhamdulillahi. Ciwon suga? Alhamdulillahi. Yana shan wani abu kullum? Ya ce shayi. Ni ma duk kiran da na yi, lafiya ƙalau yake ce min. To wanne zan ɗauka?

Sun yarda su canza, amma sai likitansu na Bauchi ya gan shi, kuma a faɗi kowane ciwo tun yanzu. Abin da ba a faɗa ba, ba za su ɗauki nauyinsa daga baya ba. Na samar masa ranar Litinin.

Na gaida Baffa da kowa.
Mahfuz.

*

Mahfuz,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, raina a ɓace yake.

Baffa ya je, kuma ya hana a raka shi. Ya dawo yana murna wai likitan ɗan Tirwun ne, ya san kakansa, sun sha hira a kan masara. Na ce to jikin fa? Ya ce an auna jini an ce ya hau, shi kuwa ya gaya wa likitan wai mai keke ne ya ɓata masa rai a hanya. Ƙafar ko nuna ta bai yi ba, ya rufe ta da safa. Allah ya taimaka likitan ya ce ya dawo ranar Alhamis da wani na gida.

Ba ƙarya Baffa yake yi ba. A wurinsa kai kukan ciwo gaban baƙo butulci ne ga Allah. Duk shekarun nan Inna ce bakinsa a asibiti. Shi ya ce da sauƙi, ita ta ce ba ya barci, likita ya rubuta nata. Ba mu taɓa lura ba, sai da ta tafi.

Ni kuwa 'yar fari ce. Mutumin da ko sunana ba ya kira, shi zan ƙaryata a gaban mutane? Ka zo kai. Kai ne kake hawa kafaɗarsa kana ja masa gemu.

Juwairiyya.

*

Adda,

Na nemi izini a ofis, an hana sai ƙarshen wata, kamfanin kuma Juma'a zai rufe canji. Ko na zo ma, ban san yadda yake kwana ba. Ke kike ganin ƙafar. Don Allah, Adda.

Mahfuz.

*

Mahfuz,

Bayan gaisuwa. Mun je.

Likita ya ce, "Baba, ya jiki?" Baffa ya ce, "Alhamdulillahi." Na kalli ƙasa, na ce ba ya barci sai a jingine, ga kumburi, ga haki, ga jiri. Da na fara, kasa tsayawa na yi, ina faɗa ina kuka. Aka sa ya cire safar. An mayar da shi tsarin da ya haɗa komai, maganin wata yana hannuna.

Muka hau keke muka dawo. Sai da muka sauka a ƙofar gida ya tsaya, bai kalle ni ba, ya ce, "Ke, wata mai zuwa ma ki shirya mu je. Amma ki rage murya, har na kan layi sun ji ba na barci."

Ka gaida Ni'ima.
Addarka.