Takin da Na Aiko Miki Gona

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Asabe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ina fata kina hutawa inda babu ciwo. Ni ce Rifkatu, 'yarki ta biyu. Damina uku ke nan da muka sa ki a ƙasa a bayan gidanmu na Kagoma, kuma akwai maganar da na riƙe tun lokacin, ban faɗa wa kowa ba sai mijina. Na san mutanen da ke bina a waya ne za su karanta wannan. Na gwada rubuta musu kai tsaye hannuna ya ƙi, sai da na sa sunanki a sama.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa gidan kajina a bayan Kafanchan? Ɗan acaɓa ya sauke ki da ƙullin doya a ka. Na ja ki da ɗoki in nuna miki kaji ɗari takwas masu ƙwai, a kejin ƙarfe hawa uku, huɗu-huɗu a kowane rami. Kika tsaya a bakin ƙofa kina kallo har na ƙosa. Sannan kika tambaye ni da Hausarki ta gida wadda ba ta raba mace da namiji: "Wannan kaza ya taɓa taka ƙasa?" Na yi dariya, na ce kiwon zamani ke nan, Mama.

Kin lura bakinsu duk gundul ne. Na bayyana miki cewa ana ƙona tsinin da ƙarfe mai zafi tun suna ƙanana, don kada su tsattsage juna. Kika ce idan dabba ya fara cin ɗan'uwansa, ɗakin ne ya yi musu kaɗan. Ranar ba ki karɓi ƙwan da na haɗa miki ba, kika ce kajinki na gida suna yi.

Abin da ban nuna miki da kyau ba shi ne ɗakin ajiya. Mai sayar mini da magani a kasuwa ya koya mini in riƙa zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha tun ranar da suka iso, da duk lokacin da yanayi ya canza, ko da babu mai tari a cikinsu. Da fari abin kamar sihiri. Bayan shekara biyu sai da na ninka awo. Daga baya na canza wani, can kuma na koma haɗa biyu. Ban taɓa zama na tambayi kaina me ya sa na bara ya daina ci ba. Sau ɗaya kin gan ni ina kaɗa garin a durom, kika ce, "Wanda ba shi da ciwo, ana ba shi magani?" Na ce rigakafi ne.

Abu ɗaya kika yaba a sana'ata, kashin kaji. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka nakan cika buhuna in aiko miki, ɗanye yadda aka kwashe shi, ki watsa a gonar cittarki. Citta ta yi kyau har masu saye daga Kachia suka san hanyar gidanmu. Ina jin daɗi in ji kina gaya wa matan coci cewa takin 'yarki ne.

A gonar nan fartanya ta sare ki a bayan ƙafar hagu, kina noma ba takalmi kamar yadda kika saba. Kika wanke da ruwan gishiri, kika ɗaure da tsumma, kika ƙarasa kunyarki. Bayan mako guda ƙafar ta kumbura. Yayana Danladi ya sayo miki kafso a kemis, kika sha, ba sauƙi. Da muka kawo ki asibiti a Kafanchan aka fara allura. Kwana huɗu aka canza wata. Aka sake canzawa. Ciwon yana hawa kamar ba a taɓa shi ba. Ina tuna yadda kike ba matan gadon kusa da ke haƙuri saboda warin, kina cewa ba halinki ba ne.

Likitar da ke duba ki, wata mace mai sanyin magana, ta ɗebi ruwan ciwon ta aika gwaji Jos. Da takardar ta dawo ta kira ni da Danladi. Sunayen magunguna ne a jere, a gaban kusan kowanne an rubuta harafin R. Ta ce ma'anarsa ƙwayar cutar da ke ƙafarki ta riga ta saba da wannan maganin, ba ya yi mata komai. Danladi yana tambayar abin da za a yi. Ni kuwa idona yana kan takardar, domin na gane sunaye uku. Suna nan a ɗakin ajiyata, a jikin leda mai hoton kaza.

Na bi likitar har baranda, na gaya mata komai, durom ɗin da buhunan takin. Na tambaye ta ko ni ce. Ta ce ba wanda zai iya sanin wannan. Ƙwayar tana iya fitowa daga takin, ko daga ruwan rafi, ko daga shanun da ake yi wa allura barkatai, ko daga mutanen da ke shan rabin magani su ajiye, ko ma daga gadon asibiti. Ta ce, "Tukunya ɗaya ce, kowa ya zuba nasa cokali." Ba ta ɗora mini ba, ba ta kuma wanke ni ba. Da ta yi ɗaya daga ciki, da na san inda zan ajiye kaina.

Magani ɗaya ya rage a takardar, babu shi a garin. Danladi ya tafi Kaduna nema. Kafin ya dawo an yanke ƙafar, amma cutar ta riga ta shiga jini.

Mama, ga abin da ya fi ci mini rai. Ana gobe za ki tafi, da rana, hankalinki ya ɗan dawo. Ina shafa miki mai a hannu kika ce in gaya wa Danladi kada ya bar ciyawa ta ci gonar, domin takin bana ya fi na bara ƙarfi. Kika matse yatsuna kika ce, "Kin kyauta, 'yata." Abin da na ce miki kawai shi ne to. Washegari, Alhamis, wajen azahar, kika cika.

Fasto ya ce lokacinki ne ya yi, kuma na gaskata. Amma bangaskiya ba ta hana ni tunani ba. Wanda ya kashe mutum da wuƙa an san shi, shi ma ya san kansa. Wannan mutuwar an raba ta ga hannaye da yawa har ba wanda nasa kason ya isa a kira shi laifi. Mai maganin kasuwa mutumin kirki ne, ya zo mana gaisuwa. Waɗanda suka ƙirƙiro maganin alheri suka yi wa duniya, shi ya ceci Danladi lokacin da ciwon haƙarƙari ya kama shi yana yaro. Mu ne muka mayar da shi ruwan sha na kaji, don mu iya cusa ɗari takwas inda ya kamaci ɗari biyu. Na ɗauka wahalar kajin a kejinsu ta tsaya. Ban san ƙwayar cuta ba ta bambanta kaza da uwar mutum ba.

Bayan kwana arba'in na sayar da kejin. Yanzu kaji ɗari biyu da hamsin nake da su, a ƙasa kan garin katako, da fili a waje, kuma bakinsu yadda Allah ya yi shi. Rigakafi na gaskiya nake yi musu, magani kuwa sai likitan dabbobi ya gani da idonsa. Takin nakan tara shi ya ruɓe watanni kafin ya fita. Watannin farko kajin sun mutu da yawa, na kwashe su da hannuna ina kuka, ban san ko su nake yi wa ko ke ba.

Kada ki ɗauka na gyara duniya. Mutumin da ya sayi kejin ya cika shi taf a hanyar Kagoro. Na yi magana a taron zumuntar mata, wata gwauruwa mai 'ya'ya biyar ta tashi ta tambaye ni, idan ta daina zuba maganin kajinta suka mutu, ni zan ciyar mata da su? Har yau ina neman amsar da zan ba ta.

Akwai labarin da ba ki sani ba. Shekara guda bayan tafiyarki na haifi mace, muka sa mata sunanki. Watan jiya takwararki ta kama tari da zazzaɓi, ƙirjinta yana shiga yana fita. Likita ta rubuta magani na ruwa, ta ce in ba ta kwana bakwai cif, idan ya karɓe ta zan ga alama a kwana na uku. Da, ba na tunanin komai in an ba yaro magani, an ba shi ke nan. Wannan karon kowane cokali na ɗaga sai na tuna takardar nan ta Jos. Kwana biyu jikinta kamar garwashi. A rana ta uku da hantsi ina wanke kwanonin kaji na ji muryarta daga ɗaki tana kiran kunu. Na zauna a ƙasa inda nake. Ya yi aiki, Mama. A wannan karon ya yi.

Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya gafarta mini abin da na sani da wanda ba zan taɓa sani ba. Ya tausaya wa uwar da ta jira kwana na uku bai zo mata da sauƙi ba. Ya bar wa jikokinki maganin da zai yi musu aiki ranar da za su nema. Amin.

Ki gaida Baba.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Rifkatu